Fim kan matasan Damagaram: fuskokin gaskiya ko wasan kwaikwayo?

Mai shirya fim kan yadda saƙonnin WhatsApp ke tunzura matasan Damagaram yana da hanya biyu. Zai iya ɗaukar matasan da kansu, kamar yadda mai shirya fim 'yar Nijar Aïcha Macky ta yi a unguwar Kara-Kara ta Damagaram a fim ɗinta na 2021. Wannan yana ratsa zuciya, amma yaron da ya nuna fuskarsa gobe zai koma fadarsu, ga abokan gaba sun gan shi. Kuma da wuya kyamara ta kama abin da yake saurare shi kaɗai da tsakar dare.

Wasan kwaikwayo yana rufa masa asiri, yana kuma shiga har ɗakinsa. Haɗarin shi ne ɗan daba ya fito gwarzo. Duk da haka wasan kwaikwayo na zaɓa, muddin da matasan unguwar aka tsara labarin.