Gargaɗi Kan Masu Tallar Na'urar Tace Iskar Gida Gaba Ɗaya

Na rubuta wannan gargaɗi ne saboda abin da ya faru a gidan yayata a hunturun bara, da kuma yadda na ga irin tallar da ta jawo mata asara ta sake bayyana a Facebook da zaurukan WhatsApp na mata da zarar hazo ya fara sauka. Masu tallar suna cewa suna da wata na'ura da za a maƙala a bango ko a silin, ta tace iskar gida gaba ɗaya tun daga falo har ɗakunan kwana da kicin, ta kashe ƙwayoyin cuta, ta kuma raba yara da tari da mura da asma. Sunan da suke sa wa kansu yana canzawa daga shafi zuwa shafi, amma salon aikinsu ɗaya ne, kuma shi nake so mai karatu ya gane kafin su ƙwanƙwasa masa ƙofa.

Yayata tana da ɗa mai shekara 9 da ke fama da asma, kuma kowace shekara idan ƙura ta taso sai an kwana da shi a zaune. Da ta kira lambar da ke jikin tallar, sai aka turo wani matashi mai riga da tambari a ƙirji, ya ce zai yi mata gwajin iska kyauta. Ya iso da la'asar, daidai lokacin da aka gama shara aka zuba turaren wuta a kasko. Ya fito da wata 'yar na'ura mai allo kamar wayar hannu, ya riƙe ta dab da kaskon, lambobi suka yi ta hawa har allon ya koma ja, sannan ya juyo ya ce, "Hajiya, wannan ita ce iskar da yaron nan yake shaƙa dare da rana." Bayan haka ya ɗauko wani akwatin gilashi da bai fi kwalin takalmi girma ba, ya cika shi da hayaƙi, ya kunna samfurin na'urarsa a ciki, hayaƙin ya ɓace nan take. Uwar da ta sha jijjiga yaro yana numfashi sama-sama ba ta jiran dogon bayani. A ranar ta tura Naira 180,000 kafin alƙalami zuwa wani asusu mai ɗauke da sunan mutum, ba na kamfani ba, ta cika sauran Naira 170,000 ranar da aka zo aka kafa na'urar, ba tare da an ba ta rasit ko takardar garanti ba.

Abin da aka maƙala mata a bangon falo wani farin akwatin roba ne mai shuɗiyar fitila. Da aka kunna shi sai wani wari mai kaifi ya cika gidan, irin wanda ake ji kusa da masu walda, kuma matashin ya ce wannan shi ne ƙamshin tsabta, alamar cewa na'urar tana aiki. Kwana uku ba a yi ba tarin yaron ya tsananta, ita kanta ta fara jin maƙogwaronta yana ƙaiƙayi. Likitan da aka kai yaron wurinsa ne ya tambaya ko akwai wani sabon abu da aka kawo gidan, da aka kwatanta masa sai ya ce a kashe shi nan take. Mai gyaran wutar da na kira ya buɗe akwatin a gabana, kuma babu matata ko ɗaya a ciki, sai ƙaramar fanka da wani faranti mai fitar da tartsatsin lantarki. Lambar wayar ta daina shiga, adireshin da aka rubuta a tallar kuwa da muka je mun tarar da shagon sayar da labule.

Wannan faranti iskar ozon yake samarwa, kuma a nan babban haɗarin yake. Ozon iska ce mai cin hanyoyin numfashi, tana haddasa tari da ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, tana kuma tayar wa mai asma ciwonsa. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta daɗe da bayyana cewa a gwargwadon da ba zai cutar da mutum ba, ozon ba ta iya kawar da gurɓatar iskar ɗaki yadda ake iƙirari, kuma ba ta cire ƙura daga iska. Wato idan na'urar tana fitar da ita kaɗan babu amfanin da take yi, idan kuma ta fitar da mai yawa to mutanen gidan take cutarwa. Har ila yau tana dusashe jin warin mutum, shi ya sa wasu suke ɗauka warin gidansu ya tafi alhali hancinsu ne ya gaza.

Wannan ciniki ba sabo ba ne, an riga an yi shari'arsa a wasu ƙasashe. A Amurka, hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta hana kamfanin Alpine Industries yin iƙirarin lafiya marar hujja game da na'urorinsa masu fitar da ozon tun 1995, da ya ci gaba kuma kotu ta ci shi tarar dala miliyan 1.49 a 2001. Jihar Kalifoniya ta kafa ƙa'ida a 2007 cewa na'urar tace iska da za a sayar domin gida kada ozon ɗin da take fitarwa ya wuce kashi 0.05 cikin miliyan. Abin da ya ba ni takaici shi ne kayan da aka yi wa shinge a can su ne ake kawo mana a matsayin sabuwar fasaha.

Maganar tace gida gaba ɗaya ma tana buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce gishirin tallar. Akwai tsarin da ke yin haka da gaske, amma a gidajen da aka gina da manyan bututan iska a cikin silin ko bango ake kafa shi, inda injin sanyaya ko ɗumama gida guda ɗaya yake zuƙo iskar kowane ɗaki, ta bi ta cikin matata, sannan ya mayar da ita. Yawancin gidajenmu ba haka aka gina su ba. Muna da ɗakuna da kowanne ke da ƙofarsa da tagarsa, da tsakar gida a buɗe, da fanka ko na'urar sanyaya ɗaki guda guda, ga wutar lantarki da ba ta tsayawa. Akwatin da ke bangon falo ba shi da hanyar da zai ja iskar ɗakin da ke ƙarshen gida, ballantana ya tare ƙurar hunturu da iska ke kwasowa daga Sahara, musamman daga kwarin Bodele na arewacin Chadi, tana shigowa ta kowace kafa. Gwajin akwatin gilashi kuwa rufa ido ne kawai, domin share hayaƙi a cikin kwalin takalmi bai nuna komai game da falo mai kujeru da labule da mutane masu shiga da fita ba.

Akwai ƙarya guda da ta fi sauran muni, kuma yayata ta ji ta daga bakin matashin. Ya gaya mata cewa da wannan na'ura ba ta da sauran damuwa da hayaƙin janareta, ko da an matso da shi baranda saboda ɓarayi. Hayaƙin janareta yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kuma kashe mutane suna barci, kuma mun sha jin labarin iyalai da aka wayi gari an tarar da su a haka. Babu na'urar tace iska ta gida da ke kawar da ita, har da masu inganci. Janareta wurinsa waje ne, nesa da ƙofa da taga, haka ma gawayin da ake kunnawa domin jin ɗumi ba a rufe ɗaki a kansa.

Wanda yake da mai asma ko tsoho a gida kuma yake son sayen na'ura, ya nemi ta ɗaki guda mai matatar HEPA, wadda ke kama kashi 99.97 cikin ɗari na ƙwayoyin ƙura masu girman maikiron 0.3, wato ƙanana ƙwarai da ido ba ya iya gani, ya ajiye ta a ɗakin da mai lalurar ke kwana, a rufe ƙofa da taga. Ya ce a buɗe masa ya ga matatar da idonsa, ya tambayi kuɗin sabuwa da inda ake samunta, domin tana cika da ƙura kuma dole a canza ta. A jikin kwalin na'urar kirki akwai lambar CADR da ke nuna yawan iskar da take tacewa, kuma ɗaki sha biyu sha biyu yana buƙatar wadda lambarta ta kai kusan 100 a ma'aunin ƙafa. Duk mai sayarwar da ya ce tasa ba ta buƙatar matata har abada, ko ya ce tana warkar da asma har a ajiye maganin likita, ko ya matsa a biya yau domin rangwame zai ƙare gobe, to a sallame shi a bakin ƙofa. Kada a tura kuɗi asusun mutum, a duba rajistar kamfanin a shafin hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, a kuma je shagon da ƙafa kafin a biya ko kwabo.

Wanda ya riga ya faɗa hannunsu ya cire na'urar daga wuta, ya buɗe tagogi, ya adana shaidar tura kuɗi da hotunan tallar da saƙonnin da suka yi musaya, sannan ya sanar da bankinsa cikin gaggawa, ya kai ƙara wurin 'yan sanda da hukumar kare haƙƙin masu saye ta FCCPC. Mun bi waɗannan matakai, kuma har yanzu kuɗin yayata bai dawo ba. Akwatin yana nan a ɗakin ajiya, na naɗe shi a buhu domin shaida, yaron kuma ya koma kan maganin da likita ya rubuta masa, ana goge ɗakinsa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya, turaren wuta kuma an daina kai shi ɓangaren da yake kwana.