Sayar da fili babu dillali a Gusau: takardar da ke hannunka ce za ta zaɓa maka hanya

Mai filin da ya ce ba ya son dillali, la'ada yake gudu. Idan an shirya a kan kashi 5 cikin 100, fulotin naira miliyan 4 zai ci dubu 200, kuma wani dillalin bayan la'ada yakan ɗora nasa a kan farashi ba da saninka ba. Wannan kuɗin kana iya tsira da shi. Aikin takarda kuwa yana nan a wuyanka, ko da dillali ko babu.

Abin da dillali yake kawowa shi ne mai saye da sanin farashin unguwa. Wanda yake zaune nesa, ko buƙata ta matso shi yana son kuɗi cikin mako, gara ya biya la'adar. Wanda yake gari kuma ba ya gaggawa, ya tambayi nawa aka sallama fuloti biyu ko uku na kusa da nasa a 'yan watannin nan, ya sanar a masallacin unguwa da zaurukan WhatsApp, ya fara da maƙwabtan filin, domin su ne suka fi son ƙara faɗin gida.

Daga nan sai a duba asalin filin: awon igiya ne ko awon gwamnati.

Filin awon igiya, wanda aka yanka daga gona, shi ne wanda sayar da shi ya fi ƙarancin kashe kuɗi. Ana rubuta yarjejeniya, shaidu su sa hannu, mai unguwa ya shaida, a ba shi abin goro. Rauninsa kuma a nan yake. Wannan takarda shaidar ciniki ce, ba ta hana a sayar da fuloti ɗaya ga mutum biyu, kuma ba ta tsayar da gwamnati idan tsarin titi ya bi ta kansa. Mai sayen da ya san haka zai rage farashi. Idan ta nan za ka bi, ka kira safiyo mai rajista ya auna, ya kafa duwatsun iyaka a gaban maƙwabta na kusurwa huɗu. Fulotin ƙafa 50 da 100 kusan murabba'in mita 465 ne, kuma rigimar da ke kai mutane kotu takan iya farawa daga ƙafa uku ko biyar, waɗanda igiya ta ci ko maƙwabci ya shiga da katanga. A yarjejeniyar a rubuta tsawo da faɗi, sunan mai iyaka ta gabas da yamma da kudu da arewa, da yadda filin ya zo hannunka, a haɗa da takardar wanda ya sayar maka.

Filin awon gwamnati mai takardar girant ko C of O, wato takardar shaidar riƙe fili da gwamnati ke bayarwa, ba a sayar da shi da takardar mai unguwa. Dokar Amfani da Filaye ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna, sashe na 22 ya hana mai riƙe da irin wannan takarda ya miƙa haƙƙinsa ga wani sai da amincewar gwamna, sashe na 26 kuma ya ce cinikin da ya saɓa wa dokar ba shi da inganci. A nan lauya ya fi dillali amfani nesa ba kusa ba. Shi zai rubuta takardar miƙa mallaka, a shigar da neman amincewar a ZAGIS, hukumar da ke riƙe da bayanan filayen Zamfara, a biya kuɗin hatimi a hukumar tattara haraji ta jiha idan cinikin tsakanin mutum da mutum ne, sannan a yi rajista. Kafin ka yi tallar filin, ka je ka nemi lissafin harajin ƙasa da ake binka ka biya, domin fayil ba ya motsawa da bashi a kansa. Ka kuma sani ana lissafa kuɗaɗen gwamnati ne a kan ƙimar da jami'inta ya yi wa filin, saboda haka rage farashi a takarda ba ya rage komai, sai dai ya cutar da mai saye ranar da za a ce a mayar masa da kuɗinsa.

Bisa al'ada mai saye ne ke ɗaukar hatimi da rajista, mai sayarwa ya ɗauki tsohon bashin filin da harajin ribar da ya samu. Kada a bar wannan ga al'ada, a rubuta wanda zai biya kowanne. Wasu sukan kauce wa duk wannan da takardar wakilci, wadda ke ba mai saye ikon yin aiki a kan filin a madadin mai shi. Ba ta miƙa mallaka. Sunanka ne zai ci gaba da zama a fayil, haraji yana taruwa a kanka, kuma idan ɗayanku ya rasu magada ne za su sha wahalar warwarewa.

Filin gado kuwa kada a taɓa shi sai an yi rabo, an karɓi takardar rabon daga kotun shari'a. Sa hannun babban wa ba ya isarwa ga ƙannensa mata ko ga marayun da ba su balaga ba. A mazhabar Malikiyya, idan mutum ya sayar da kasonsa a filin da ba a raba ba, abokin tarayyarsa yana da haƙƙin shufa'a, wato ya biya farashin da aka saya ya karɓe kason, sai mai saye ya dawo kanka.

Wajen karɓar kuɗi, idan an ba da kafin alƙalami a rubuta ranar cikawa da abin da zai faru idan ba a cika ba. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta hana mutum biya ko karɓar tsabar kuɗi sama da naira miliyan 5 ba ta hanyar banki ba. A yi tiransifa daga asusun mai sunan mai saye, ka duba kuɗin da ke asusunka da kanka maimakon dogara da saƙon waya, sannan ka miƙa takardun asali. Kafin wannan lokaci kwafi kawai ake bayarwa, ko da mai sayen ɗan uwanka ne.