Zuwa Kuba: mai tasowa daga Amurka da mai tasowa daga Kano, wa ya fi jin jiki?

Alhaji ka ce kai kana Amurka da fasfon can, ƙaninka yana Kano da koren fasfo, kuna so ku haɗu a Kuba ku yi sati biyu, wa hanya ta fi yi wa sauƙi, kuma ko ya biyo ta wajenka ku wuce tare. Toh gaskiya kowannenku da irin nasa ciwon kan. Kai shigar ba wuya amma in ka shiga kamar akuya a turke kake, shi kuma kafin ya shiga sai ya yi gumi, amma da ya sauka Habana, babban birnin Kuba, ba mai tambayarsa ina ya kwana.

Abin da ke rikita mutane shi ne ƙofa biyu ce. Kuba fasfonka take dubawa, Amurka kuma ita ce mai takunkumin, tun 1962 zamanin shugaba Kennedy ta ƙaƙaba wa Kuba shi gaba ɗaya, kuma mutanenta take bi da duk wanda ya taso daga ƙasarta. Su 'yan Kuba ba su hana Ba'amurke zuwa ba, murna ma suke da dalarsa.

Bari in fara da kai. A dokar Amurka zuwa Kuba yawon buɗe ido zalla haramun ne gare ka, ofishin OFAC na ma'aikatar baitulmali ne ke kula da wannan, kuma sun ware dalilai 12 da za ka fake da ɗaya, akwai ziyarar dangi, aikin jarida, harkar addini, karatu, bincike da sauransu. Ziyarar dangi ba ta hau kanka ba tunda ƙaninka ba a can yake zaune ba, shi ma baƙo ne. Wanda kusan kowa ke zaɓa shi ne na tallafa wa mutanen Kuba, ba wata takarda za ka je ka nema ba, wajen sayen tikiti kawai za ka zaɓa, amma fa ma'anarsa ka sauka a gidan haya na talaka, ka ci a gidan abinci mai zaman kansa, ka cika yininka da hulɗa da mutanen gari, ba ka shimfiɗa tawul a bakin tekun Varadero tun safe har magariba ba. Sannan ka adana rasit da jadawalin tafiyar, da shekara 5 ake cewa, daga 2025 an kai shi 10. Wasu za su ce ai ba a tambaya. Eh yawanci ba a tambaya, amma ni dai ba zan ba ka shawara ka yi caca da wannan ba.

Bayan haka akwai jerin otal-otal da aka hana ka kwana tun 2020, da wani jerin kamfanoni na sojan Kuba, wato GAESA da reshenta Gaviota, waɗanda ba a yarda ko sisinka ya shiga hannunsu ba, kuma kaso mai yawa na manyan otal ɗin bakin teku nasu ne. Sigarin Kuba da ake ta zuzutawa ma ba ka da izinin shigo da shi Amurka ko da tsaraba ce. Amma ta fannin hanya kai ka more, daga Mayami zuwa Habana kusan awa ɗaya ne a jirgi, inshorar lafiya tana cikin kuɗin tikiti, biza kuma ta intanet za ka saya, ita ta maye gurbin katin nan ruwan hoda da ake ba masu tasowa daga Amurka.

Shi kuma ƙanin naka duk wannan jerin bai shafe shi ba, otal ɗin da ya ga dama ya sauka. Nasa aikin a ƙofa yake. Najeriya tana cikin ƙasashen da Kuba ba ta bari su sayi bizar yawon buɗe ido a sauƙaƙe kamar yadda Turawa ke yi, Ghana da Kamaru ma haka, sai ya nema ta ofishin jakadancin Kuba da ke Abuja, da tikitin dawowa da shaidar masauki da shaidar yana da abin kashewa. Ya fara da wuri, kar ya biya kuɗin jirgin da ba a mayarwa kafin biza ta fito. Ya sayi inshorar lafiya da kansa domin tun 2010 Kuba ta wajabta ta, ya kuma sa katin rigakafin shawara cikin fasfo.

Sai hanya, nan ne ake kuka. Ba jirgi kai tsaye daga Najeriya. In ta Madrid ko Paris zai bi, ɗan Najeriya sai da bizar yada zango ko da ba zai fita daga filin jirgi ba, sai in yana da bizar Shengen, wato ta haɗin gwiwar ƙasashen Turai, ko ta Amurka ko Kanada mai rai. Shi ya sa na fi son ta Santambul, ya tashi daga Abuja ko Legas da Turkish Airlines, ya zauna a ɓangaren masu wucewa, ya hau na Habana, doguwar tafiya ce mai karya baya amma takardu sun ragu. Ya tabbatar dai jirgin yana tashi a watan da kuka sa rana, kamfanoni na yawan rage zirga-zirgar Kuba.

Maganar ya biyo ta wajenka kuwa, a'a Alhaji, kar ku fara. Amurka ba ta da wucewa ba biza, ko awa biyu zai yi a filin jirgi sai ya samo, ka kuma san yadda layin neman bizar Amurka yake. Sannan da ya hau jirgin Kuba daga Amurka dokar dalilai 12 ta hau kansa shi ma. Wanda ya fi kowa shiga tsaka mai wuya shi ne mai girin kad, wato katin zaman dindindin a Amurka, da koren fasfo, Amurka na lissafa shi a nata, Kuba na lissafa shi ɗan Najeriya, kaga ya ɗauki kaya biyu. Masu fasfon Ingila ko Faransa a cikinmu su ma su sani, duk wanda ya taka Kuba daga 12 ga Janairun 2021 ya rasa damar shiga Amurka da ESTA, wato izinin intanet da ke ba su damar shiga ba biza, sai ya je ya nemi biza kamar kowa, saboda ranar aka mayar da Kuba jerin ƙasashen da Amurka ke zargi da goyon bayan ta'addanci.

Inda kuka zama ɗaya shi ne fom ɗin shiga Kuba da ake kira D'Viajeros, kowa zai cika ta intanet kafin tashi ya ajiye lambar QR a waya, gara ma a buga a takarda. Da kuɗi. Katin bankin Amurka ba ya aiki a Kuba kwata-kwata, shi ma kar ya dogara da katin naira, ku riƙe tsabar yuro ko dala sababbi, ƙananan takardu da yawa, in ta haura dala 5,000 a bayyana wa kwastan. Wutar lantarki kuwa ɗan Kano zai ji kamar yana gida, a Oktoban 2024 ƙasar gaba ɗaya ta shiga duhu na kwanaki, ku tafi da fawa bank da tocila da magungunanku, ko farasitamol yana wuyar samu a kanti. Daga Yuni zuwa Nuwamba lokacin guguwa ne.

Tunda tare za ku zauna, ƙa'idar taka ce za ta ja ragama, ku kama ɗaki a gidajen da suke kira casa particular, akwai shuɗiyar alama a ƙofa, sun fi araha kuma matar gida za ta dafa muku abin da kuka ce. Wannan ba ƙaramin abu ba ne domin naman alade ne sarkin tukunya a can, ko shinkafa da wake sau da yawa da kitsensa ake soyawa, ku ce kifi da ƙwai da ayaba kawai. Juma'a kuma akwai masallacin Abdallah a tsohuwar Habana, kan titin Oficios, tun 2015 aka buɗe shi, ku nemi masauki kusa da nan a ƙafa ma kun isa.