Hattara da masu sayar da jabun boris na tirelar jirgin ruwa

Masu jan kwale-kwale da ƙananan jiragen ruwa a kan tirela, a yi hattara. Akwai masu talla, galibinsu a intanet, da ke sayar da abin da suke kira cikakken saitin boris na taya, a cikin kwali mai ɗauke da sunan manyan kamfanoni irin su Timken, SKF ko Koyo, a farashin da ya yi araha har ya wuce hankali. Sai su ƙara da zaƙin baki: wai saitin yana shiga kowace tirela, wai ruwa ba ya ratsa shi, wai an cika shi da giris ba za ka sake buɗe shi ba. Ga boris na yau da kullum, mai siffar mazurari, wanda ake kwancewa a wanke a mayar, duk maganganun nan uku ƙarya ce. Gaskiya ne akwai hob, wato cibiyar da ake ɗaure taya a kanta, da ke zuwa a rufe daga masana'anta, amma shi dunƙulallen abu ne, ba tarkacen boris a leda ba.

Abin da ya sa wannan damfara ta fi muni a tirelar jirgi shi ne irin wahalar da boris ɗinta ke sha. Ka yi tafiya mai nisa, hob ya ɗauki zafi, iskar da ke cikinsa ta buɗe. Kana isa bakin ruwa ka tura tirelar baya, hob mai zafi ya nutse cikin ruwan sanyi. Nan take iskar ta tsuke, sai hob ya zuƙo ruwa ta duk inda sil, wato zoben roba da ke tare giris da ruwa, ya yi rauni. Ruwan ya gauraya da giris, ya mai da shi fari-fari kamar madara, tsatsa ta fara cin ƙarfe. In ruwan gishiri ne, abin ya fi sauri. Boris na gaske ma da ƙyar yake jure wannan, balle wanda ƙarfensa bai sha wuta yadda ya kamata ba. Shi jabu ranar da aka ɗaura shi lafiya lau yake juyawa. Sai a kan titi, da jirgi a sama, 'ya'yansa, wato ƙananan ƙarafan da ke birgima a cikinsa, su fara ɓarewa, zafi ya hau, ya manne da sandar aksil ko taya ta fice gaba ɗaya ta nufi motar wani.

A fara da maganar "yana shiga kowace tirela", domin ita ce mafi sauƙin kamawa. Boris da lamba yake tafiya, kuma lambar tana rubuce a jikin tsohon da ka cire. Sandar aksil mai kaurin inci 1, wato milimita 25.4, tana ɗaukar L44643. Mai inci 1 da ɗaya bisa sha shida, kusan milimita 27, tana ɗaukar L44649. Dukansu biyu a kofi ɗaya suke zama, wato zoben ƙarfen da boris ke birgima a cikinsa, mai lamba L44610, shi ya sa a ido ba ka bambance su. Tazarar da ke tsakaninsu milimita 1.6 ce kawai, amma in ka zura L44649 a sandar inci 1, zai yi ta rawa a kanta har ya cinye ta. Aksil mai ɗaukar fam 3,500, kimanin kilo 1,590, yawanci boris biyu mabambanta yake da su: L68149 da kofinsa L68111 a ciki, L44649 a waje. Duk mai sayarwar da bai tambaye ka lamba ko kaurin sanda ba, ya ce kawo kuɗi zai shiga, ko dai bai san kayan ba ko bai damu da ranka ba. In lambar tsohon ta goge, auna sandar da kalifa, wato ma'aunin kauri, a daidai inda kowane boris ke zama, ka auna inda sil ke gogawa shi ma.

In kayan sun riga sun iso hannunka, buɗe su a wuri mai haske. Duba rubutun kwalin, ko akwai harafin da ya karkace ko kalmar da aka rubuta ba daidai ba. Goge man da ke jikin boris ɗin, ka bi cikin kofin da farce. Na gaske sumul yake kamar madubi, jabu kuwa sau da yawa za ka ji layi-layi na inji. Dubi kejin da ke riƙe 'ya'yan, ko bakinsa na da kaifi ko ɓurɓushin ƙarfe. Ɗigon tsatsa a sabon kaya cikin leda mummunar alama ce. Sannan ɗauki magagari ka goga a gefen kofin na waje, ba a fuskar da 'ya'ya ke birgima ba. Ƙarfen boris na gaske taurinsa yana kaiwa wajen 60 a ma'aunin Rockwell, don haka magagari zamewa yake yi. In ya kama ya fitar da gari, ajiye kayan.

Sai dai kada ka dogara da ido kaɗai. Wasu jabun an gyara su ta yadda ko wanda ya daɗe a sana'ar sai ya ruɗe. Shi ya sa kamfanin SKF ya fitar da manhajar waya mai suna SKF Authenticate, inda kake tura hotunan kaya su duba maka, ita ma ƙungiyar masu ƙera boris ta duniya tana da tata, WBA Check. Mafi aminci dai shi ne dilan da kamfanin ya amince da shi, da rasit mai ɗauke da lambar kowane boris. A lura, boris mai araha da aka sayar da sunansa na ainihi ba damfara ba ne, ka san abin da ka saya. Ha'incin yana wajen lika wa kaya sunan da ba nasu ba.

Akwai damfara ta biyu, ita kuma a wajen ɗaurawa take. Wasu masu gyara su karɓi kuɗin canjin boris cikakke, su canja na waje kaɗai saboda shi ne mai sauƙin kaiwa, su bar tsofaffin kofuna a cikin hob, su mayar da tsohon sil, su danna giris su rufe. Sabon boris a tsohon kofi ba ya daɗewa, domin kofin ya riga ya ɗauki sawun tsohon, ramukan tsatsarsa kuma su ne za su cinye sabon. Maganin wannan mai sauƙi ne: ka ce a ba ka tsofaffin kayan. Kowace taya abu shida za ta fitar, boris biyu, kofi biyu, sil ɗaya da fin ɗin da ke kulle noti.

Ga yadda aikin gaskiya yake tafiya, don in kana tsaye ka gane. A ɗaga tirela da jak, a tokare ta da abin tsayarwa mai ƙarfi. A cire taya, murfi, fin, noti da washa, a zaro hob. A ɓalle sil, a fitar da boris na ciki. Kofunan ana fitar da su ne da ƙarfen bugu ta baya, ana bugun nan a bugi can don kada su karkace. A wanke komai tas, a duba sandar aksil: in ta yi shuɗi, zafi ya taɓa ta, in kuma sil ya yi mata tsagi, sabon sil ma zai yi yoyo sai an saka mata riga ta bakin ƙarfe ko an canja ta. A buga sabbin kofuna har sautin guduma ya sauya, alamar sun zauna. Cusa giris kuwa ba shafawa ba ce. A tara shi a tafin hannu, a riƙa danna faffaɗan bakin boris a kai har giris ya ɓullo ta ɗaya ɓangaren, a kewaye gaba ɗaya. Giris mai jure ruwa ake so, mai lambar kauri NLGI 2, kuma kada a haɗa iri biyu, domin wasu in sun gauraya sai su tsinke su zube. Sil mai leɓe biyu ya fi dacewa, leɓensa mai sifirin yana kallon ciki.

Ɗaure noti shi ne inda ake yawan ɓata aikin. Ana juya hob da hannu ana ɗaurewa har wajen niyuton-mita 68 a ma'aunin ƙarfin ɗauri don komai ya zauna, sannan a sassauta ba tare da an motsa hob ba, a mayar da notin da yatsu kawai, a saka sabon fin. In ramin fin bai daidaita ba, baya ake komawa kaɗan, ba a ƙara matsewa. Motsin da ya kamata ya rage bai wuce milimita 0.03 zuwa 0.13 ba, da ƙyar hannu ke jinsa. Boris da aka matse da sifana aka bari haka zai ƙone ko na wane kamfani ne.

Murfin giris mai sifirin irin Bearing Buddy abu ne mai amfani, yana riƙe ɗan matsi a cikin hob don ruwa ya kasa shiga. Amma masu tallar da ke cewa da shi ka huta da kwance hob suna yaudararka. Ba ya gyara boris da tsatsa ta ci, kuma in aka cika masa giris fiye da kima, sil na baya ne zai fashe, giris ya watsu a cikin rim, ya shiga birki in tirelar na da shi. A shekara sau ɗaya aƙalla sai an buɗe an gani da ido.

Wanda kuma ya riga ya ɗaura kayan da yake shakka, kada ya jira sai tafiya mai nisa. Ya ɗaga tayar ya juya ta, ya saurari gurnani ko ƙarar yashi. Ya kama sama da ƙasa ya jijjiga, in ta yi ƙwas-ƙwas akwai matsala. In zai fita, ya tsaya bayan kilomita 15 ya kai bayan hannu kusa da kowane hob. Ɗumi ba komai, amma in ɗaya ya fi ɗan'uwansa zafi sosai, ko hannu ya kasa zama a kai, tafiyar ta tsaya nan. A cire kayan, a adana kwalin da rasit da hoton tallar, a kai ƙorafi ga shafin da aka yi cinikin da kuma kamfanin da aka yi amfani da sunansa, domin da lambar da ke jikin kwalin suke bin sawun inda jabun ya fito.