Cok ɗin fulorasan ya mutu: wanne za ka saya, yaya za ka haɗa?

Kafin ka nufi kasuwa, hau kujera ka karanta rubutun da ke jikin dogon ƙwan. Mai tsawon ƙafa huɗu, wanda ya fi yawa a shaguna da azuzuwa, za ka ga an rubuta 36W, mai ƙafa biyu 18W, mai ƙafa biyar 58W. Kaurinsa ma ka duba: T8 kaurinsa milimita 26 ne, siririn nan T5 kuwa 16, kuma cok ɗinsu, wato abin da ke daidaita wutar da ke shiga ƙwan, ba ɗaya ba ne. Abin da ya fi sauƙi shi ne ka kwance cok ɗin da ya mutu ka tafi da shi a leda. Na sha ganin mutum ya tsaya a gaban mai kayan wuta a Sabon Gari yana kwatance da hannu, a ba shi na 18W, ya dawo gida ya ɗaura wa ƙwan 36W, sannan ya ce an cuce shi.

Tsohon cok, mai nauyi kamar dutsen guga, waya ce kawai aka naɗa a kan ƙarfe. Yana da ƙarko, ya kan yi shekaru ba abin da ya same shi, amma sai da sitata, ɗan ƙaramin abin nan da ke kunna ƙwan, yake tashi, yana gurnani, yana cin wajen wat 8 zuwa 10 a banza a matsayin zafi, kuma haskensa na ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa saboda wutarmu mai zagaye 50 ce. Babban aibinsa a wajenmu shi ne ranar da aka kawo wuta ba ƙarfi: sai sitata ta yi ta ƙyas-ƙyas, ƙwan ya ƙi kamawa. In dai ba sito ba ne ko baranda, ni ba na ba kowa shawarar komawa kansa.

Sabon cok na ilektironik ba ya buƙatar sitata, yana tura wuta sama da zagaye 20,000 a daƙiƙa, don haka ba ƙiftawa ba ƙara. Sai dai a nan ne ake yin kitso da ƙwarƙwata, domin iri biyu ne a kasuwa kuma kwalinsu kan yi kama. Akwai ɗan ƙarami na roba, mara nauyi, wayoyinsa na reto, ba a rubuta masa komai ba sai 40W. Akwai kuma dogo mai gidan ƙarfe irin na kamfanonin Philips, Osram da Tridonic, wanda aka zana taswirar haɗi a bayansa. Juya shi ka nemi abu huɗu: adadin ƙwai da wat (1x36 na ƙwai ɗaya ne, 2x36 na biyu), iyakar ƙarfin wutar da yake ɗauka, lambar da ke nuna yadda yake amfani da wuta wadda ya kamata ta kai 0.95, da alamar tc mai faɗin zafin da jikinsa zai iya jurewa, galibi digiri 70 zuwa 75. Wannan ta ƙarshe kada ka raina ta. A ƙarƙashin kwano ba silin, cikin watan Afrilu, zafi ne ke busar da kafasitar ciki, wato ɗan abin da ke ajiye caji, shi ya sa na roba ba ya kai damina.

Tambayi mai shago ko cok ɗin yana ɗumama bakin ƙwan kafin ya kunna. Mai ɗumamawa kan yi jinkirin daƙiƙa ɗaya ko biyu, kuma shi ya dace da mu, tunda a rana ɗaya ana iya ɗauke wuta a dawo da ita sau biyar, ga sauyi zuwa janareto. Mai kunnawa farat ɗaya yana saurin baƙanta bakin ƙwai. Idan ƙwanka ya riga ya yi baƙi a gefe, sayi sabo tare. A shagon ɗinkin ƙanena na taɓa sa sabon cok mai araha a kan tsohon ƙwai don tsimi, kafin sati ya zagayo muka ji ƙauri, cok ɗin ya narke. Mai kyau yana kashe kansa idan ƙwai ya ƙare, mai araha kuwa sai ya yi ta faman kunna shi har ya ƙone.

Haɗin ba wuya. Kashe wuta daga babban akwati, kada ka dogara da makunnin bango, don gidaje da yawa an ratsa makunnin ne ta nutural, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, laif mai kawo wutar kuwa na nan a raye a cikin fitilar. Taɓa da tasta ka tabbata. Cire ƙwan, cire sitata da gidanta, tsohon cok da kafasita in akwai, duk ba su da sauran aiki. Laif, wato ruwan ƙasa ko ja a tsohon wayarin, ya shiga L. Nutural, shuɗi ko baƙi, ya shiga N. Wayar as, wato ta kariya, mai kore da rawaya, a ɗaure ta a jikin ƙarfen fitilar. A ɗaya ɓangaren, na ƙwai ɗaya ramuka huɗu gare shi: biyu su tafi holdar wannan kai, biyu su tafi ta wancan. Kuskuren da aka fi yi shi ne ɗaukar waya ɗaya daga kowane biyun a kai su holda guda. Na ƙwai biyu kuwa kowane kamfani da nasa tsari, bi zanen da ke jikinsa lamba bayan lamba, ka manta da yadda tsohon yake. Ramukan na waya mai sanda ɗaya ne, a ɓare robar bakinta kamar milimita 8, kuma ka ɗaure cok ɗin da sukurori a jikin ƙarfe don ya riƙa sauke zafi.

Yanzu ga maganar da mai shago ba lallai ya faɗa maka ba. Idan cok da ƙwai duk sun mutu, haɗa kuɗinsu ka gwada da na dogon LED mai wat 18, wanda ke shiga holdar T8 daidai. Rabin wutar yake ci, abin da mai inbata ko sola zai gani a batirinsa, ko da yake haskensa bai cika kai na sabon fulorasan mai kyau ba. Ga shi kuma fulorasan na kan hanyar ƙarewa saboda zaibar da ke cikinsa: Tarayyar Turai ta hana shigar da sababbin T5 da T8 kasuwa tun Agustan 2023. Ni sai inda ake da fitilu da yawa da tarin ƙwai a ajiye, kamar makaranta, nake cewa a sayi cok.

In ka zaɓi LED, tambayi ta ina yake shan wuta. Wani laif da nutural duk a kai ɗaya suke shiga, wani laif a wannan kai nutural a wancan. Yawancin waɗanda ke kasuwa kai tsaye ake ba su wuta, a cire cok gaba ɗaya. Bayan ka gama, ɗauki alƙalamin maka ka rubuta a cikin fitilar cewa ba cok, don kada wani ya zo gobe ya cusa mata fulorasan.