Hattara da mai tallar ƙananan motocin Bosuwaja (Volkswagen) a WhatsApp

Jama'a, akwai wani ɗan damfara da ke tallar ƙananan motocin ƙarfe na ajiya a Facebook, sai ya ja mutum zuwa WhatsApp, wai yana Legas. Naira 85,000 ya cinye mini. Ina zaune a Gusau, ban tare wa kowa hanya ba, 85,000.

Kuma kada wani ya zo yana ce mini ai kayan wasan yara ne. Marigayi Baba, motar Bosuwaja ƙirar kunkuru ya hau, irin wadda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975, shi ya sa nake tara ƙananansu. Ina da ƙirar kamfanin Maisto, ina da ta kamfanin Welly a kabad. Na san kaya. Wadda ɗan damfarar ya nuna mini mai tagar baya rabe biyu ce, ƙirar da kamfanin ya daina a 1953, girman 1:18, wato kashi ɗaya cikin 18 na motar gaske, tsawonta ya ɗan haura santimita 22, ƙofofi na buɗewa, murfin injin baya na ɗagawa. Sai tsohuwar ƙaramar mota samfurin Matchbox guda mai tambarin kamfanin Lesney, ƙirar Ingila, kamfanin da ya durƙushe tun 1982. Wa zai ga wannan ya kau da kai?

Na ce ya juya ta in ga ƙasanta. Ya turo bidiyo, ga hannu na juyawa, ga tambari ɓaro-ɓaro. Ya ce, "Alhaji, ni ba na wasa da amana, wallahi ko ba ka biya ba sai in aiko." Ko ba ka biya ba. Har yanzu muryar nan na yi mini yawo a kunne. Mutum ya rantse da Allah, ya tambayi lafiyar iyali, ya san bambancin taga rabe da taga mai kama da ƙwai, me kuma ya rage in bincika?

Na tura 60,000. A'a, kafin nan akwai 10,000 na kafin alƙalami, wai wani daga Abuja na neman ta. Sunan asusun ya bambanta da nasa, ya ce na ƙanensa ne, ni ma ai da asusun ƙanena nake karɓar kuɗin shago. Bayan nan 15,000 kuɗin mota da kwali. Ku haɗa da kanku.

Saƙo ya iso tasha, kwali sha da salatif. Tun da na ɗaga na ji babu nauyi. Ta gaske, ta tutiya, tana da nauyi, tana da sanyi a tafin hannu. Motocin roba biyu ne a ciki, irin na teburin ranar Sallah da ake ja baya a saki, ɗaya ma tayarta a karkace. Yaron direba ya leƙa ya ce, "Baba, na yara ne?" Ashe a lokacin ma ɗan damfarar ya riga ya toshe ni, tun da daddare. Bidiyon kuwa daga baya wani abokina ya gano shi a shafin wani Bature.

Hotunan hirarmu da rasit duka suna nan, zan sa su in na rufe lambobina. Duk mai saye, ya nemi kiran bidiyo kai tsaye, kuma kaya a hannu kafin kuɗi. 85,000 dai ban yafe ba, Allah ya isa.