Soson waya, soso mai kore da tukunyar waakye: abin da na gani a wajen wanke-wanke

Duk mai sayar da waakye, wato shinkafa da wake irin namu na Ghana, ta san ciniki yana ƙarewa da hantsi, amma ba a cewa an tashi aiki sai tukwane sun hau benci a kife suna tsanewa. A Aboabo nake sana'ata, nan Kumasi, kuma shekaru ke nan ina sayen soso iri-iri, daga na kan tiren masu yawo har na kantin da ake liƙa wa kaya farashi. Hukuncina tun daga farko shi ne: babbar tukunya ba ta da magani irin soson waya mai murɗe, amma mai kauri, wanda ba ya zubar da gashi. Mai sirara kuwa, ko kyauta aka ba ki, ki yi godiya ki ajiye shi don goge murhu.

Sai an san irin dattin kafin a san irin soson. Tukunyar waakye tana barin ƙanzo mai tauri, ga jan karan dafi, ga kanwa da ke sa cikin tukunya ya yi duhu. Tukunyar shito ta fi ta rigima, domin an daɗe ana soya albasa da barkono da garin kifi a mai, gindin ya kama, maiƙo ya bi gefe ya daskare. Ta tuwon zafi sauƙi gare ta, ruwa kawai take so ta kwana da shi, da safe ɓawon ya ɗago da kansa. Bayan tukunya kuma duniya ce daban: baƙin itace da na gawayi, wanda yake bin hannu da zane da duk abin da ya taɓa. Tukwanen namu su ne manyan nan da Asantawa ke kira dadesen, waɗanda maƙera ke narka tsohon alminiyam su zuba, masu kauri, jikinsu da ɗan kaushi.

Soson waya biyu ne a kasuwa, mutane na haɗa su. Akwai mai laushi kamar auduga, launin toka. Yana sa silba ƙyalli ƙwarai, sai dai ƙarfe ne zalla, idan ya kwana da ruwa gobe ki tarar da shi ja, ya bar tabon tsatsa inda aka ajiye shi, yana marmashewa a hannu. Irinsa ne Turawa suka fara haɗawa da sabulu suna sayarwa a Amurka fiye da shekara ɗari da suka wuce, Brillo a 1913, S.O.S a 1917, lokacin da tukwanen alminiyam suka fara shiga gidajensu suna baƙi. Ga mai ƙaramar tukunya ɗaya ko biyu, ba laifi. Ga mai dadesen, wasa ne.

Na biyun shi ne mai ƙyalli, wanda aka murɗe siririn zaren ƙarfe ya dunƙule. Idan na gaske ne, da ƙarfen da ba ya tsatsa aka yi shi, wato wanda aka gauraya da sinadarin kuromiyam, aƙalla kashi 10.5 cikin ɗari. Wannan sinadarin ne ke hana tsatsa ci. Akwai wanda ƙarfe ne kawai aka yi wa shafe ya yi ƙyalli, a leda ba ki bambance su, sai an sha ruwa an dirji tukunya shafen ya tafi, tsatsa ta fito daga tsakiya. Wata maƙwabciyata tana zuwa kasuwa da mayen ƙarfe, wai idan ya kama soson to jabu ne. Na ce mata ta huta, domin akwai nau'in ƙarfen da ba ya tsatsa wanda mayen ƙarfe ke kamawa, kuma da shi ake yin sosuna da yawa. Abin da nake yi ni, ina auna shi a tafin hannu, mai nauyi ya fi. Ina matsa shi, idan ya dawo yadda yake, da alama. Sannan in girgiza ledar in duba ƙasanta: idan tun ba a taɓa ruwa ba gutsattsarin waya sun taru a ciki, na mayar.

A kasuwar Kejetia na samu wanda nake aiki da shi yanzu, wajen wata dattijuwa mai kayan roba. Ba shi da wani suna da zan iya kira, leda ce fara da hoton tukunya. Kuɗinsa ya ninka na kan tire. Na tsaya ina jinjina farashin, ta ce, "'Yata, ɗauki wannan. Wancan na masu dafa indomi ne." Na ce, "Mma, idan ya yi tsatsa fa?" Ta ce in dawo mata da shi. Ban koma da shi ba, sai dai na koma na ƙaro.

Ƙanzon waakye yana ɗauke shi ba tare da na haɗa da cokali ba, muddin an jiƙa tukunyar tun tana da ɗumi. Maiƙon shito ba ya toshe shi, ruwan zafi da ɗan sabulu sun isa ya saki. Ya yi watanni bai canza launi ba. Daga baya yana baje, ya rasa dunƙulewarsa, a nan nake sauke shi daga aikin cikin tukunya in mayar da shi na baya. Aibinsa ɗaya da ba zan ɓoye ba: yana cin hannu. Yarinyar da ke taya ni wanke-wanke yatsunta sun yi kanta, farcenta ya ƙare, kuma safar hannu ta roba ba ta daɗewa a gabansa, yana huda ta.

Mai arahar kuwa, araha ba ta ado. Tun wankin farko yake zubar da gashi kamar kazar da ake figa. Ki ɗauraye tukunya, ki bar ruwan baho ya kwanta, ki tsiyaye a hankali, za ki ga 'yan wayoyi a ƙasa suna ƙyalli. Waɗanda kika gani ke nan. Jikin dadesen yana da ƙananan ramuka daga zubi, waya tana maƙalewa a ciki ko a ƙarƙashin baki, ruwa bai fitar da ita ba, gobe kuma an zuba shinkafa da wake. A cikin waakye mai duhu, ga taliya ga gari ga shito, wa zai gan ta? Waya irin wannan tana iya tsayawa a dasashi ko a maƙogwaro, kuma yaran makaranta su ne rabin masu sayen abincina. Ko ba ta yi wa kowa lahani ba, mutum ɗaya ya zaro ta daga bakinsa a gaban layi, labari ya kai unguwar Asawase kafin azahar. Shi ya sa ko da mai kaurin, ɗauraya biyu nake yi, in bi da tafin hannu, in kife.

Soso mai kore, wanda ake manna wa katifa rawaya, shi ne 'yan boko suka fi so, kuma yana da inda ya fi kowa. Na asalin Scotch-Brite ne, na kamfanin 3M, sun fito da shi a 1958. Zaren nailan ne aka manne masa garin wani dutse mai tauri, garin da ake samu idan alminiyam ya haɗu da iskar oksijin. A ma'aunin taurin duwatsu da lu'ulu'u ke da 10, wannan garin yana da 9, shi kuwa alminiyam ɗin tukunya bai kai 3 ba. To kin ga dalilin da abu mai kama da tsumma yake barin zane a jikin cokali da murfin silba. Ba ya tsatsa, ba ya zubar da waya, yana lanƙwasa ya shiga kunnen tukunya da gefen murfi. Da shi nake wanke faranti, ludayi, kwanukan miya da ƙananan tukwane. Amma a gaban ƙanzo mai kauri, dirza ce kawai ba ci gaba, sitaci ya cika shi ya yi santsi. Masu kwaikwayonsa sun cika kasuwa, launi iri ɗaya, sai dai koren yana rabuwa da rawayan tun ba a je ko'ina ba, garin ya wanke, ya rage tsumma.

Wadda aka kawo wa kaskon Teflon a kayan ɗaki, ta nisanta shi daga koren da wayar duka. Shafen nan da ke hana ƙwai kamawa siriri ne, idan ya karce ya tafi ke nan. Kamfanin 3M da kansa yana yin mai shuɗi wanda ba ya karcewa don irin wannan kasko. Haka samira da fanteka: waya tana dusashe fentin, furen ya koɗe, inda ya ɓantare tsatsa ta shiga.

Katifar rawayan ita ce ba na yarda da ita. Tana riƙe ruwa da guntun abinci, kuma Kumasi ba garin da abu ke bushewa da wuri ba ne, balle da damina. Idan ta fara wannan warin, ba sabulun da zai raba ta da shi. A 2017 masu bincike a Jamus sun duba sosunan kicin 14 da aka yi aiki da su a gidaje, suka samu inda ƙwayoyin bakteriya suka kai biliyan 54 a gutsure mai faɗi da tsawo da kauri santimita ɗaya, suka ba da shawarar a riƙa sauya soso duk mako. Duk mako a wannan tsadar? Sai na koma sayen koren zalla, marar katifa, in yanka shi biyu, in wanke da ruwan zafi in rataya a ƙusa inda rana ke bugawa.

A nan sapo ya fi su duka. Ragar wankan nan tamu, idan ta tsufa ta yi laushi, ki tafasa ta ki yanka, ko ki sayi sabuwa ki ware ta don kwanuka. Tana kumfa da ɗan guntun Key soap ko alata samina, ta bushe kafin ki gama shara, ba ta wari. Ba ta iya ƙanzo ba, kada a ɗora mata abin da ba nata ba. Asanka kuma, kaskon yumɓun nan da muke niƙa barkono a ciki, da zane-zanen cikinta, ba ta son waya ko kaɗan, domin nan take maƙalewa. Buroshi ko ɓawon kwakwa ya fi shiga tsagin ya fitar da barkono.

Bayan tukunya har yau ban ga abin da ya kai toka da ɓawon kwakwa ba, kuma kyauta ne, masu sayar da kwakwa neman mai kwashe musu suke yi. Toka tana da kaifi irin na kanwa, idan ta haɗu da maiƙo sai ta yi aikin sabulu, ga kaushinta yana kankare baƙi. Wanda ya fi wannan ma shi ne dabarar iyayenmu: a kwaɓa toka a shafe bayan tukunya kafin a ɗora. Hayaƙi ya hau kan shafen, da an zuba ruwa ya bi shi ya tafi. Ranar da aka yi shafe, tsohon soson waya shafa biyu yake yi a gama.

Inda muke saɓawa da mahaifiyata shi ne cikin tukunya. Ita a wajenta tukunyar da ba a ga fuska a cikinta ba, ƙazama ce ta wanke. Takan leƙa ta ce, "Wannan duhun fa? Haka za ki dafa wa mutane?" In ce, "Mma, kanwa ce, ba datti ba ne." Gaskiya ce kuwa, abu mai kaifin kanwa yana sa alminiyam duhu, mai tsami irin tumatir ko lemun tsami ya washe shi, shi ya sa tukunyar miya kullum take fari. Baƙin ruwan da ke fita idan ana dirzar ciki da waya har sai ya yi ƙyalli, jikin tukunyar ne ake ci. Alminiyam yana yi wa kansa wata siririyar fata da ke shiga tsakaninsa da abinci, dirza tana cire ta. Ga kuma abin da aka narka aka yi tukunyar, wanda mai saye ba ya gani: a 2014 an gwada tukwanen zubi na Kamaru, da aka ƙera da tarkacen ƙarafa irin na mota, aka samu dalma tana fita daga wasunsu idan an dafa abu mai tsami. Ni dai ina cire ƙanzo da maiƙo, in tabbatar hannu bai ji wani abu ba, in bar duhun inda yake. Mma ba ta gamsu ba, tata tukunyar har yanzu madubi ce.

Na gwada wanda aka sa wa mariƙin roba, saboda hannun yarinyar nan. Yatsu sun huta, amma ƙarfi ba ya isa gindin tukunya yadda ya kamata, kuma wayar tana kwancewa daga mariƙin tun soson bai gaji ba. A ƙaramar tukunya yana da daɗi. A dadesen mai cin rabin buhu, yarinyar da kanta ta cire mariƙin ta jefar, ta naɗe soson a cikin guntun sapo ta ci gaba da dirza, ta ce haka ya fi mata sauƙi a hannu.